Ɗingishin Baba Saje

Akwai wani tsohon soja a wani ƙauye, ana ce masa Baba Saje, gama da muƙamin saje ya bar aiki. Yana ɗingishi da ƙafar hagu. Da ya tuɓe kaki sai ya kama fartanya, shi da matarsa Rahila suka yi ta fama har 'ya'yansu biyar suka zama mutane. Mutum ne mai son ba da labari. In ya jingine sandarsa ya gyara murya, to, sai a nemi wurin zama.

Babban ɗansa, Zabadi, ya yi karatu ya sami aiki a birni. Duk sa'ad da ya zo gida, tsohon yakan ce, "Zauna, ɗana, akwai abin da zan gaya maka." Shi kuwa sai ya dubi agogo ya ce, "Baba, sai wani zuwan." Haka aka yi ta yi har shekara talatin.

Ana nan, tsohon ya rasu. A ikkilisiyarsu kuwa ɗan fari ne yake karanta tarihin marigayi a sujadar jana'iza. Zabadi ya ɗauki biro da takarda, sai ya tarar ba shi da abin rubutawa. Da ma ya tambayi uwarsa mana. Ina, girman kai ya hana. Yaya za a ce ɗan fari bai san ubansa ba? Sai ya cika takardar da abin da ya ga ya dace da soja.

Ran jana'iza majami'a ta cika maƙil. Zabadi ya miƙe, ya ɗaga murya ya karanta, "A fagen yaƙi harsashi ya sami mahaifinmu a ƙafa, ya ɗauki raunin nan har kabari."

Tsofaffi suka sunkuyar da kai.

Bayan an binne tsohon, Rahila ta ja ɗanta bayan rumbu ta ce, "Zabadi, wa ya gaya maka harsashi ne?"

"Mama, ai na ɗauka..."

"Ubanka da ƙafafunsa biyu ya dawo daga yaƙi, lafiya lau. Kana shekara uku ka faɗa tsohuwar rijiyar bayan gida, ya bi ka ba ko igiya. Kai ka fito ko ƙwarzane babu, shi ƙashin ƙafarsa ya karye. Duk garin nan an sani. Ya hana mu gaya maka, ya ce da bakinsa zai faɗa maka."

Kunya ta rufe Zabadi, ya rasa inda zai sa kansa. Gurgun da yake jin nauyin jerawa da shi a titin birni, ashe saboda shi ya gurgunce. Ya durƙusa a gindin rumbun yana kuka, ya kasa fita ya gaisa da masu ta'aziyya.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Zabadi mu ne, har da ni mai faɗa muku. Girmama iyaye ba a buhun shinkafar Kirsimeti ya tsaya ba, har da kasa musu kunne. Tabon da ke jikin tsofaffinmu, da yawa namu ne, ba mu kuwa taɓa tambaya ba. Haka muke yi wa Ubangijinmu: muna raira waƙa a kan raunukansa kamar labarin wani, alhali saboda mu aka ji masa su. Wanda tsohonsa ko tsohuwarsa ke da rai, in an tashi sujada yau ya je ya tambaya. Zabadi ya so ya tambaya, amma an riga an rufe kabari.