Kurege da Ɗumamen Ɗan Gora

Ga ta nan tafe da kayanta a ka, mai kunne ya matso ta sauke masa.

A wata shekara damina ta yi rowa, gyaɗa ba ta yi 'ya'ya ba sai a fadamun manyan dawa. Zaki ya karɓi gaisuwar kaka har ya cika rumbu guda da gyaɗa, shi da ba cin ta yake yi ba, so yake kawai a ce yana da ita. Kurege kuwa yunwa ta tsotse shi har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Kullum ya gitta ta gindin rumbun nan sai cikinsa ya yi ƙugi, har ya rantse wa kansa cewa gyaɗar nan a raminsa za ta ƙare.

Ran nan yana tone-tone a kangon wani gidan gem, wato wasan talabijin, wanda wani tsohon biri ya riƙe tun manyan dawa suna 'yan ƙanana, sai farcensa ya ci karo da ƙarfe. Ya tono tsohuwar talabijin, da na'urar gem, da fad guda, wato abin dannawa, mai maɓalli huɗu, da kaset ɗaya da ƙura ta rufe. Ya goge kaset ɗin ya duba, sai ya ga Ɗan Gora ne.

Duk wanda ya tashi a dajin nan ya san Ɗan Gora. Wani ɗan mutum ne mai kai kamar ƙwayar masara, yana gudu dama da gorarsa, ya tsallake rami, ya kwaɗa wa maƙiyi gora a ka, har ya kai ga Dodon Dutse a ƙarshe. Rai uku ake ba ka, in sun ƙare ka koma farko ka yi kuka. Yanzu 'yan wasan sun tsufa, sun yi tumbi, ba su da aiki sai zama a gindin kuka suna cewa gem ɗin zamani ba shi da gishiri, ina ma a dawo da Ɗan Gora. Kurege ya tuna wannan ƙorafi nasu, sai ya faɗi ƙasa yana dariya.

Ya miƙe ya yi wa kansa kirari: "Ni ne Kurege, ƙarami mai cin rabon manya. Ban shuka ba, ban nome ba, amma gonata tana cikin ƙoƙon kan wawa."

Nan take ya hau aiki. Ya wanke talabijin da toka, ya shimfiɗa ledar burodi mai ruwan ɗorawa a kan gilashinta. Ya jefa lasifikar talabijin ɗin cikin tulu don sauti ya riƙa ruri. Na'urar da kaset ɗin ya cusa su cikin kwali, ya liƙe kwalin da takarda mai walƙiya. Ya sato farantin sola daga rufin Bushiya don ya samu wuta. Sannan ya juyo kan kansa: ya shafe gashinsa da farar ƙasa, ya cusa jelarsa cikin wando, ya sa wata kwat da ya tsinta a bola, ya ɗora baƙin tabarau. Ya raɗa wa kansa suna Injiniya Ɗanlasan.

Da gari ya waye, ya tura kayansa a baro har ƙofar Kura. Da hanci yake magana, kamar mai mura. Ya shaida mata cewa daga birni yake, wani babban kamfani ne ya aiko shi, sun shekara bakwai suna sake gina Ɗan Gora tun daga tushe, kuma ita aka zaɓa ta fara gani saboda an ji labarin gwanintarta har ƙetaren teku. Gwanintar da ake magana kuwa, Kura ba ta taɓa wuce rami na uku ba.

Aka kunna. Ɗan Gora ya fito rawaya fatau, tulu ya yi ruri, Kura ta dafe ƙirji. Hawaye ya zubo mata. Ta ce ko a mafarki ba ta zaci za ta sake ganinsa ba, ga shi har ya fi na da kyau. Ta ɗan ƙura ido ta ce ita dai kamar ramukan suna nan inda ta san su.

"Hajiya, ai nan gwanintar take," in ji Kurege. "Mun canza komai, amma mun yi shi yadda ba za ki gane an canza ba. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

Kura ta gyaɗa kai kamar ta fahimta. Ta shiga ɗaki ta kwaso kilishi da ƙuli-ƙuli ta zube masa, don a bar ta ta buga zuwa azahar. Kurege ya koma gefe yana ci yana kallonta tana faɗawa rami na uku, kamar yadda ta saba tun tana 'yar ƙanƙanuwa. An canza wa tuwo suna kawai, ita kuwa sai santi take yi.

Da gari ya waye, labari ya riga ya kai kunnen Ɓauna, wanda ba ya son a ce wani ya riga shi ga abin yayi. Kafin Kurege ya isa gidan Ɓauna, ya tsaya a hanya ya sa ƙaya ya ɓanɓare maɓallin tsalle daga jikin fad, ya jefa a aljihu. Ɓauna ya ba da kwandon dawa, aka kunna masa. Ɗan Gora ya ruga da gudu, ya iso ramin farko, ya faɗa. Ya sake fitowa, ya sake faɗawa. Ɓauna ya laluba fad ɗin da kofato, ya ce shi fa a saninsa akwai wajen tsalle.

Kurege ya sauke tabarau kaɗan, ya dube shi da tausayi. Ya ce a sabon tsari tsalle daban ake sayensa, kowa a birni ya san haka, shi bai ɗauka sai ya yi wa babba kamar Alhaji Ɓauna bayani ba. Kunya ta kama Ɓauna, don ba abin da ya tsana kamar a ɗauke shi baƙauye. Ya ce ai ya sani, gwada Injiniya yake yi. Ya ƙaro kwando, aka mayar masa da maɓallinsa. Can kuma Kurege ya ce akwai sabuwar hula da za a iya sa wa Ɗan Gora, ta manya ce, ba kowa ake ba ba. Ɓauna ya ƙaro wani kwandon, Kurege ya ɗiga ɗan jan ƙasa a kan ledar daidai tsakiya. Duk lokacin da Ɗan Gora ya gitta ta wurin, sai hular ta hau kansa na ɗan ƙiftawar ido. Ɓauna ya kira maƙwabta su zo su ga hularsa.

A hanyar komawa Kurege ya tsaya bayan wata geza, ya saki jelarsa ta sha iska, ya ce: "Ni ne Kurege, mai sayar wa kaza ƙwanta. Na sayar wa Kura jiya, na sayar wa Ɓauna ƙafarsa, gobe sarki zai sayi yarintarsa a hannuna."

Da gari ya waye, sai ga ɗan saƙo daga fada. Kurege ya tura baronsa, ya tarar an cika maƙil, Kura da Ɓauna suna sahun gaba suna hura hanci a matsayin waɗanda suka riga kowa gani. Ya faɗi ya yi gaisuwa. Zaki ya jawo shi kusa, ya rage murya, ya faɗa masa abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Shi da ya kayar da giwa, ya kori damisa daga dutse, bai taɓa cin Dodon Dutse ba. Tun yana ɗan kwikwiyo abin ke ci masa rai, har yau yakan tuna ya ji abinci ya fita kansa. Ya ce in sabon Ɗan Gora zai kai shi ga kashe dodon nan a gaban jama'arsa, to rumbun gyaɗa na Injiniya ne, da jinkarsa da komai.

Kurege ya haɗiye yawu har aka ji ƙararsa. "Ranka ya daɗe, ai don irinku muka yi shi. Akwai tsari na sarakuna, talaka ko ganinsa ba ya yi."

Tsarin sarakunan nan ba komai ba ne illa wata tsohuwar dabara da Kurege ya sani tun da: in ka danne maɓalli biyu lokacin kunnawa, rai uku sai ya zama arba'in. Ya juya baya ya danna, ya miƙa fad da hannu biyu.

Zaki ya fara. Ya faɗa rami, fadawa suka ce ramin ne ya matso. Maƙiyi ya buge shi, suka ce sarki ne ya yi masa afuwa. Rai yana ta tafiya, amma da yake arba'in ba uku ba ne, sannu a hankali ya wuce kogi, ya wuce gadar igiya, ya shiga inda bai taɓa gani ba. Rana ta take tsaka, gumi na zuba daga gemunsa. Kurege kuwa ba allon yake kallo ba, rumbu yake kallo, yana lissafin ta wace ƙofa zai fara. Da la'asar ta kawo kai Zaki ya tsaya gaban Dodon Dutse da rai ɗaya tak. Ya kwaɗa masa gora, ya kauce, ya sake kwaɗawa. Dodon ya fara rawar jiki, alamar saura bugu ɗaya. Zaki ya ɗaga gora.

Sai hoton ya tsaya cik. Layuka suka zubo a allo, tulu ya kama wani kuka guda ba ƙaƙƙautawa. Na'urar da ta yi shekara da shekaru a ƙasa ta sha zafin rana, ta gaji.

Zaki ya juyo a hankali, ya ce, "Injiniya, gyara."

Da Kurege ya sami ko numfashi uku na tunani, da ya ce sabon tsari ne, ƙarshen wasan daban ake sayensa, kuma na rantse da sun saya. Amma idon Zaki ya yi ja, tsoro ya kama Kurege, hannunsa ya riga hankalinsa. Sabo turken wawa. Ya yage takardar walƙiya, ya buɗe kwali, ya zaro kaset, ya cika kumatu da iska ya hure shi fuu, fuu, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya buga shi sau biyu a gwiwa, ya goge a hannun kwat.

Sai da ya ɗago kai ya ga abin da ya yi. Babu wanda ke wurin da bai san wannan hurin ba, don da shi kowannensu ya yi jinyar kaset a gidan tsohon biri, kuma abin da aka shekara bakwai ana ginawa a birni ba ya neman a hure shi. Ga tsohon kaset a fili, takardarsa ta koɗe. Kumatun da ya cika kuma sun ture tabarau ya faɗi ƙasa.

Kura ta matso ta leƙa. Ta ce, "Wannan shaidar haƙorina ce a gefe, ranar da na faɗa rami na cije shi don haushi. Waɗannan kumatun ma na san su."

Zaki bai ko dubi kaset ɗin ba. Allon yake kallo, wanda ya koma baƙi, da dodonsa da bugunsa ɗaya duk sun tafi. Baƙin cikin da ya kama shi na gaske ne, har ya ba ni tausayi kaɗan. Sannan ya kai mari.

Marin ya tafi da rabin kunnen Kurege. Kura ta cafko wando, wando ya yage, jela ta fito, ta guntule ƙarshenta. Ɓauna ya sa ƙaho ya ɗaga shi, ya ce bari ya nuna masa tsalle kyauta, ya wurga shi ta saman rumbun gyaɗa har bayan katanga. Kusantar da Kurege ya yi wa rumbun ke nan a rayuwarsa. Ya faɗi a kan ƙaya, ya tashi da ɗingishi, bai tsaya ba sai cikin wani rami a gindin kuka. A nan ya ga ashe duk dukan nan bai saki kaset ɗin ba.

Da gari ya waye yana kwance yana lasar ciwo, ciki wayam, sai ya ji Kura da Ɓauna sun zauna a inuwar kukar. Kura na cewa ita dama tun farko ta ga rawayar nan ta ɓata shi. Ɓauna na cewa rurin tulun ya sa masa ciwon kai, na da ɗin ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Suka ce sarki ya ƙi cin abinci, yana ta tambaya ko akwai mai na asali, wanda ba a taɓa ba, ko me ake so zai bayar.

Kurege ya toshe baki don kada dariya ta tona shi, haƙarƙarinsa na zogi. Ya rungume kaset ya raɗa masa: "Kwanta ka ƙara tsufa. Kunnena zai warke, zan nemo rawani da farin gemu. Baɗi ba leda, ba tulu, ba kwali, haka zan kai musu kai da ƙurarka in ce na asali ne. Rumbu biyu za su ba ni, su yi godiya."

Ƙurunƙus, ta sauke kayanta ta wuce. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya duba abin da ya saya bara.