Dalilin da Ya Sa Ɗaɗɗoya Ba Ta Ƙamshi Sai an Murza Ta

Dalilin da ya sa ɗaɗɗoya ke riƙe ƙamshinta sai an murza ta, kuma mai damuwa ke samun sauƙi in ya sha ruwanta, shi zan gaya muku yau, yara. Ku matso kusa.

A da can, lokacin da tsirrai ke da baki, ɗaɗɗoya ba ta da ƙamshi ko kaɗan. Surutu kawai ta iya. Tana tsirowa a bakin rariya, inda ruwan wanke-wanke ke bi ya fita bayan gida.

A wani gari akwai wata mata, Tasalla. Ɗanta na fari, Nomau, ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro, shekara uku bai dawo ba. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane. Sau biyu ayari na dawowa, Tasalla ba ta ce uffan ba. Sai ramewa take yi. Tuwo ba ya wuce mata, zanenta har ya fara zagaye ƙugunta sau biyu.

Kowace safiya in ta zo zubar da ruwa, sai ta durƙusa ta yi wa ɗaɗɗoya raɗa: "Nomau. Ko yana raye? Ko ya ci abinci?"

Ran nan da hantsi ayari ya sauka a gindin tsamiyar da ke bayan gidansu. Gari ya taru, Madugu Jatau yana isar da saƙonni gida-gida. Tasalla na tsaye can baya, kamar ba ruwanta. Sai aka ji muryar ɗaɗɗoya daga rariya:

"Madugu! Tasalla na tambayar Nomau! Kullum sai ta kira sunansa. Jiya ma sau bakwai, tana kuka!"

Wata mata ta saki tulu ya fashe. Gwaggo Yalwa, yayar mijin Tasalla, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Sunan ɗan fari, Tasalla? Da bakinki? To in ya dawo sai ki goya shi ki zaga kasuwa!"

Tasalla ta rufe fuska ta ruga cikin gida. Ta damƙi ɗaɗɗoya ta murje bakinta tsakanin tafukan hannu, har ganyen ya fara ruwa. Tana cikin murzawa ta jiyo muryar Madugu ta bayan katanga.

"Jama'a, yaron nan lafiyarsa ƙalau. Duk shekara sai ya tare ni ya ce, 'Baba Madugu, na san ba za ta tambaya da bakinta ba. Amma ko ta aiko wani?' In ce masa a'a. Sai ya sunkuyar da kai ya ce bari ya ƙara shekara."

Gwaggo Yalwa ta zauna daɓas a ƙasa. A duk gidan, ita ce ya kamata ta yi tambayar a madadin uwar, kuma ba ta taɓa yi ba.

Tasalla ta buɗe hannunta da sauri, amma aikin gama ya gama. Da ɗan guntun numfashin da ya rage mata, ɗaɗɗoya ta ce, "Kin kashe mini baki, uwar ɗakina. Amma abin da kika zuba mini ba zai ɓace ba. Duk wanda ya murza ni zai ji shi." Daga nan ba ta ƙara magana ba. Sai wani ƙamshi ya tashi ya cika gidan, wanda ba a taɓa jin irinsa ba.

Tasalla ta tafasa ganyen ta sha tana hawaye. Ƙirjinta ya saki. Ranar ta ci malmala biyu.

Da ayari ya sake dawowa, Nomau na ciki. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta kawar da kai gefe kamar yadda ya dace, ta ce, "An dawo?"

"An dawo, Inna."

Ta tura masa ƙwaryar ruwan ɗaɗɗoya mai ɗumi. Ya kai hanci, ya daɗe bai ɗago ba.

Shi ya sa har yau ɗaɗɗoya ke tsaye shiru a bakin rariya sai an murza ta, kuma wanda ke da abin da ya kasa faɗa, ita ake dafa masa.