Ƙayar Kifin Fatalwa

Akwai wani masanin kifi da abokan aiki ke kira Malam Ma'auni, don ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya amsa.

Aikinsa a kan kifin fatalwa ne, wanda masana ke kira kimera. Can ƙasan teku yake, inda rana ba ta leƙawa. Ido ƙato, haƙora irin na zomo, wutsiya irin ta ɓera, ga ƙaya mai dafi a doro. Kyau dai, sai uwarsa ta yaba.

Jinsunansa suna kama kamar an tsaga kara. Wani lokaci tsawon ƙayar nan ke raba ɗan'uwa da ɗan'uwa.

Wata rana jirgin masunta ya kawo masa guda. Ya shimfiɗa shi a tire kusa da wanda aka sani. Komai iri ɗaya, sai dai ƙayar wancan doguwa, ta wannan gajera. Sabon jinsi ke nan, kuma wanda ya gano shi ke raɗa suna. Nan take ya ƙudura sa masa sunan matarsa da ta rasu bara.

Abokiyar aikinsa ta ce, "Malam, kifi ɗaya ba shaida ba ne. Mu jira wani."

"Ke kike da lokacin jira," in ji shi.

Ya je ya gaya wa surukarsa. Ta yi hawaye, ta sa masa albarka.

Safiyar da zai sanar, ya sa bakin ƙayar ƙarƙashin madubin ƙara girma. A shafe yake, ga sawun almakashi. Ashe masunta ne suka datse ta don kada ta soke su.

Babu kowa a ɗakin. Kifi kuma ba ya kai ƙara.

Daga nan ya nufi gidan surukarsa, ya durƙusa.

"Mama, kifin nan yana da sunansa tuntuni. Amma in na yi shiru, ƙila ba mai ganewa."

Tsohuwa ta dube shi.

"Ɗana, 'yata ko allurar maƙwabta ba ta kwana da ita. Yanzu da ba ta da bakin cewa a'a, za ka ɗora mata kifin wani?"

Ya koma ɗakin bincike, ya manna wa kwalbar da aka adana kifin tsohon sunan da hannunsa.

Darasi: Ba a girmama wanda ake so da ƙarya, ko da ba mai gani. Ku tura wa duk wanda kuka san yana auna komai ban da zuciyarsa.