Kazar Mika'ilu da Karyar Rashawa

Akwai wani mai haƙar rijiya a Wuro Patuji da ke Mubi, sunansa Mika'ilu. Bai yi boko ba, amma rediyonsa ba ya rabuwa da kafaɗarsa. Kuma yana da ƙa'ida: ba ya shiga tsohuwar rijiya sai ya fara zura kaza a kwando.

Wata rana Edwin, wani ɗan boko mai ji da kansa, ya kira shi ya yashe rijiyar gonarsa. Da ganin kazar ya fashe da dariya a gaban leburori.

"Malam, aiki na kira ka, ba tsafi ba."

Mika'ilu bai ko ɗago kai ba. "Oga, a 1957 Rashawa karya suka fara turawa sararin samaniya kafin mutum, sunanta Laika. Su ma tsafi ne? Laifinsu ɗaya, ba su shirya mata hanyar dawowa ba, can ta mutu. Ni kazata da igiya take tafiya."

Ya zura kazar cikin rijiyar, bayan ɗan lokaci ya jawo kwandon. Kaza ta fito wuya a langaɓe, tana haki.

"Iskar ciki ta lalace. Yau ba na shiga."

Ran Edwin ya ɓaci. Ya ce zai gaya wa duk Mubi cewa Mika'ilu matsoraci ne, ba mai sake ba shi aiki. Maganar ta yi wa Mika'ilu zafi, don da rijiya yake ci da iyalinsa. Amma ya tsaya ƙyam.

"Faɗa har garin Kwaja. Ni ba Laika ba ne."

Sai Edwin ya tuɓe riga, wai zai nuna musu. An yi, an yi, ya ƙi ji. Mika'ilu ya tare bakin rijiyar, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe, ba zai sauka ba sai da igiya a ƙugu. Ya ɗaura masa da hannunsa.

Ko rabi Edwin bai kai ba, muryarsa ta ɗauke. Suka jawo shi a sume, aka yi ta masa fifita.

Da ya farfaɗo, ga kazar nan a gefensa tana tsattsagar dawa. Ta riga shi miƙewa.

Darasi: Kada ka raina ilimin mai sana'a, kuma kada barazana ta sa ka sayar da ranka. Tura wa duk wanda ake matsa wa ya shiga inda ba a shirya masa fita ba.