Ƙadangaren da Ya Tsayar da Fim

Ku gyara zama, wannan gardamar taku ce, ni dai nawa in faɗa.

A Samarun Zariya akwai abokai uku masu yin katun, wato fim ɗin zane: Lantana, Tasi'u da Habila. Sun yi fim na yara don wata gasa, kuma kyautar gasar gurbin karatu ne guda ɗaya tak, na mutum ɗaya. Zane ya ƙare, saura kwamfuta ta fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya su zama fim. Suka rubuta mata umarni a baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni, suka bar ta tana aiki. Sai ta yi nisa, ta mutu cak, ba sallama. Aka sake, ta sake. Ranar rufe gasa kuwa ta ƙarato, hankalinsu ya tashi sosai.

Habila ne ya fara. Tun farko ya kafe sai an ajiye kowane hoto daban, kada a dunƙule su bidiyo ɗaya, har suna yi masa tsiya wai ya cika tsoro. Da abin ya faru, duk abin da aka fitar yana nan. Ya gyara umarnin ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ba don haka ba, lokaci ba zai isa ba.

Tasi'u kuma mutum ne mai naci kamar kaska. Ya raba fim ɗin biyu, ya gwada, ya sake raba rabin da ke mutuwa, har ya gano kwamfutar ba ta mutuwa sai a inda wani ƙadangare ke leƙowa daga bayan randa. Ya duba zanen, ya duba launi, bai ga aibu ba. Nan iliminsa ya tsaya.

Lantana ta leƙo ta kafaɗarsa, ta ga an rubuta sunan fayil ɗin ƙadangaren da wasu alamomi marasa kan gado a madadin harafin farko. Ta ce, “Kai, ƙugiyar ce! Wannan tsohuwar manhajar ba ta iya karanta ƙ ba.” Ta cire ƙugiyar, ƙadangare ya koma kadangare, fim ya fita lafiya. Amma fa ku sani, ita ce ta sa ƙugiyar tun farko, don ta rantse sai ta rubuta Hausa daidai ko da a sunan fayil ne.

Fim ɗin ya ci gasa. Aka ce su kawo suna ɗaya, sauran biyun su zauna gida.

To, wanda ya tsare aikin, ko wanda ya gano wurin, ko wadda ta warkar da ciwon da ita ta jawo: sunan wa za ku ba su?