Mai Sayen Motar Alhaji Tukur

Motar Alhaji Tukur, shugaban dillalan motoci, ta shekara a garejin bakanike. Injinta ya buga, har kaji na ƙwai a ciki. Ya kira Ɗanliti dillali ya ce, "Ka sayar min da ita a farashin lafiyayya. Kada ka faɗi aibinta, kada kuma ka yi ƙarya da sunana. In ka kasa, ka bar min kasuwa."

"Ranka ya daɗe, in mai saye ya tambaya fa?"

"Sai ka nemo wanda ba zai tambaya ba."

Da la'asar Ɗanliti ya dawo yana murmushi. "Alhaji, ciniki ya faɗa. Ko kallonta bai yi ba."

"Madalla! Wane bawan Allah ne?"

"Malam Jatau, mahaifin Hajiya."

Alhaji ya miƙe zumbur. "Surukina? Duk garin nan ka rasa mai saye sai shi?"

"Na zagaya kowa. Da na ce taka ce, sai su ce a buɗe inji. Shi kaɗai ya ce kayan ɗansa ba sai an duba ba. Gobe zai tuƙa ta zuwa ƙauye. Ko in ce masa an fasa?"

"Ana fasa wa suruki ciniki?" Alhaji ya share gumi, ya zaro makullin sabuwar motarsa. "Kai masa wannan, ka ce dama ita nake nufi."

Ɗanliti ya maida hannunsa aljihu. "Ƙarya da sunanka, Alhaji? Ai ka hana ni. Sai dai ka kai masa da kanka."