Ranar da Garzali Ya Tona Shekarun Safwan

Akwai wani manomin rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, sunansa Garzali. Ɗansa Abuzar, ɗan shekara goma, tun yana ƙarami yake alkafura a kan tarin ɓuntun shinkafa a bayan injin casa. Da makarantarsu ta nemi sababbin yara a ƙungiyar wasan alkafura da tsayuwa da hannu, shi ya fara ba da suna.

Gasar makarantun yankin rukuni biyu ce: ƙanana 'yan ƙasa da shekara sha biyu, sai manya. Kowace makaranta yaro ɗaya take bayarwa a kowane rukuni. Wata shida Abuzar yana atisaye, har tafin hannunsa ya yi kanta.

Saura kwana uku a yi gasar, ya dawo gida idonsa jajur.

"Baba, Malam Uba ya cire ni. Ya sa Safwan."

Garzali ya dire buhun takin da ke kansa. Safwan? Yaron da shi Garzali ya ci tuwon sunansa tun bai yi aure ba? Gajere ne kawai, amma shekararsa sha biyar cif!

Washegari Garzali ya sami Malam Uba, malamin wasannin, a filin makaranta.

"Malam, yaron nan ai ya wuce rukunin ƙanana."

Malam Uba ko ɗago kai bai yi ba. "Takarda ta ce sha ɗaya. Kowa haka yake yi, Garzali. Kofi nake nema wa garin nan. Kai je ka ji da albasarka."

Garzali ya koma gona yana huci. Ba raina shi da aka yi ne ya fi ƙona masa rai ba. Da yamma ya ga yara suna tsalle a kan ɓuntu, Abuzar kuwa yana zaune gefe.

"Ba za ka je ba?"

"Me zan je yi, Baba? Ko na iya, wani za a saka."

Ranar gasa, Safwan ya kayar da ƙananan yara ba tare da ya yi gumi ba. Wani ɗan mitsitsi da ya zo na biyu ya fashe da kuka. Ana shirin miƙa kofi, Garzali ya ratsa taro har gaban teburin alƙalai.

"Ku gafarce ni. Ɗan garinmu ne, makarantar ɗana ce ta ci. Amma wallahi yaron nan shekararsa sha biyar. Ga shi nan, ku tambaye shi."

Babban alƙalin ya dubi Safwan. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gaskiya ne."

Aka ƙwace kofin nan take. Daga baya aka karɓe ƙungiyar daga hannun Malam Uba, aka ba wani malami. Amma Garzali ma ya sha magana. A bakin masallaci har wani ya ce masa, "Ka kyauta, ka kunyata garinku saboda ɗanka." Sati biyu wasu ba sa amsa masa sallama da daɗin rai.

Ranar nan yana ban ruwa sai ga Safwan a bakin kwamin albasarsa. Garzali ya zaci rashin kunya ya zo yi.

Yaron ya durƙusa. "Kawu, godiya na zo yi. Shekara uku ke nan Malam yana riƙe ni a cikin ƙanana. Sa'o'ina sun koyi juyi biyu a sama, ni an hana ni, wai kada a gane. Kullum in ci yara, in koma gida ina jin kunya. Ban taɓa sanin iyakar abin da zan iya ba."

Duk fushin Garzali saboda ɗansa ne kawai, ashe yara biyu aka cuta.

Da shekara ta zagayo, Abuzar ya shiga rukunin ƙanana ya zo na uku. Safwan ya shiga na manya ya zo na shida cikin tara. Ya fito daga fili yana dariya, gwiwarsa a kurje, ya ce, "Kawu, yau ne na fara gasa!"

Darasi: Duk wanda ya rage wa yaro shekaru don kofi, ya kashe zuciyar ƙaramin da aka ture, ya kuma tauye babban da aka ɓoye. Ku bar kowane yaro ya kara da sa'o'insa. Ku tura wannan ga iyaye da malaman wasanni da kuka sani.